Sawu a Gefen Tabarmar Mairo

Ranar da mutanen Gazawa suka fasa ƙofar mangaza, ɗakin ajiyar kayan ƙungiyar Rumbun Yara, ba su samu komai a ciki ba sai ɗaurin gidajen sauro da kwalayen sabulu. Abincin yara masu tamowa, wannan ƙulin gujiya da madara mai zuwa cikin ƴan ledoji wanda mata ke kira biskit, babu ko leda guda.

Daga maƙabarta suke. Sun rufe Mairo, ɗiyar Hafiza, yarinyar da ba ta kai yaye ba, kuma ba ita ce ta farko ba a wannan wata. Damina ce ta shekarar 2010, gero bai nuna ba, rumbuna sun daɗe da zama fanko. Sojoji na riƙe da mulki a Yamai, sun yi alkawarin miƙa shi ga farar hula, ƴan siyasa sun fara yawo ƙauye ƙauye. Kowa na zargin kowa, kuma kowa ya ga wata kamiyo, babbar motar kaya, ta tsaya a ƙofar mangazar makonni kaɗan da suka wuce.

"Ina biskit ɗin ɗiyanmu, Labo?" wani ya yi tsawa. "Ka ƙetara da shi Nijeriya ka saida!"

Labo mai riƙon mabuɗin mangaza ya ɗaga hannuwa yana rantsuwa. Ba a bar shi ya gama ba. Kafin jandarma su iso su janye shi, an karya masa haƙarƙari da ƙotar hauya, idonsa na hagu ya rufe. Ajidan, shugaban jandarman, ya kulle shi a buro, ofishinsu, ya ce ko don a tsira da ransa.

*

Hajiya Mairama, shugabar ƙungiyar, da kanta ta je gidan Maharazu Ɗanmaraya a Agiye. Tsohon jami'in gandun daji ne, ya yi ritaya, amma har yanzu in an sace shanu tsakanin Agiye da bakin iyaka, shi ake kira ya bi sawu. Mutum ne mai gajeren haƙuri da ƙarancin magana.

"Malam Maharazu, ni na aika da buƙatarmu ta imel zuwa babbar mangaza a Yamai, kamar kowane wata," in ji ta. "Na buga salula, wani sabon ma'aikaci ya ce in mun aika to kaya na hanya. Kamiyo ta zo. Labo ya ce gidan sauro ta kawo. Na san Labo tun ina amarya, amma yau ban san mi zan yarda da shi ba. Bi mini kwalayen nan, ko da sun kai Jibiya."

"In na same su hannun ɗan'uwanki fa, Hajiya?"

"Ko hannuna ka same su, ka faɗa."

Da hantsi suka isa Gazawa. Maharazu ya hana kowa matsowa, ya tsuguna a bakin mangazar. Ranar da kamiyon ta zo an yi ruwa, tayoyinta sun bar zane a laka ƙarƙashin rumfa, lakar ta bushe da shi. Ya sa yatsa ya auna zurfin inda ta shigo da inda ta fita. Ya shiga ciki ya duba katakon da ake jera kwalaye a kai. Gara ta yi gini a kansa, yanar gizo ta haɗe shi da bango, ba wanda ya taɓa ta.

Wata mace ta kawo masa ruwa a moɗa, tana tafiya a hankali, hannu ɗaya a ƙugu saboda tsohon ciki. Hamdiya ce, malamar jinya ta cibiyar ƙungiyar, wadda ta yi shekaru tana auna yara a nan. Idanunta sun yi ja.

"Ni na ɗaure wa Labo ƙirji jiya, Baba," ta ce. "Bai yi kama da mai laifi ba."

"Ba kama nike dubawa ba, ɗiyata." Ya sha ruwan, ya juya ga Hajiya Mairama. "Motar nan ba ta zo da nauyi ba. Katakon nan kuma ya daɗe bai ga kwali ba. Ba a saci komi nan ba, Hajiya. Kayan ba su taɓa zuwa ba."

*

A wannan karon Hajiya Mairama ba ta yarda da ƙaramin ma'aikaci ba, sai da aka haɗa ta da shugaban babbar mangazar. Ta sauke salular a hankali bayan sun gama.

"Ya ce wata biyu ke nan ba su ga saƙonmu ba. Sun ɗauka wata ƙungiya ke ba mu, sun tura rabonmu wata jiha. Kuma ya ce masu ba da tallafi daga Turai sun dakatar da mu, wai ana roƙon kuɗi da sunanmu a intanet."

Washegari Ummuhani ta zo daga Maradi a motar haya. Ita ta kafa wa ƙungiyar uwar na'urar da ke aika saƙonninta, a wani ƙaramin ɗaki a buron Agiye, ta haɗa ta da na'urorin cibiyoyin Gazawa da Gidan Rumji. Ta zauna gabanta tsawon wuni, Maharazu na kan benci yana kallon bayanta, ya rasa abin da zai yi da hannuwansa. Can ta ture kujera.

"Baba, an sa mu a baƙar lista."

"Yi mini Hausa."

"Ka san dillalan kara. In aka kama wani ya kawo saniyar sata sau ɗaya, sau biyu, sai sunansa ya bi kasuwanni. Gobe ko ya kawo tasa ta halal, ba mai taya ta. Haka duniyar imel take. Akwai masu tsaro da ke rubuta lambar duk na'urar da ke watsa saƙonnin banza ga mutanen da ba su nema ba. Manyan gidajen saƙo na duba wannan lista kafin su karɓa. Tamu ta watsa dubbai, aka yi ta kai ƙara, aka rubuta ta. Tun ranar, duk abin da Hajiya ta aika, a bakin ƙofa ake mayar da shi."

"In an mayar, ina yake komawa?"

"Akwatin da ma'aikata duka ke amfani da shi. Sanarwa takan dawo da Ingilishi, cewa saƙo bai isa ba. Na duba, an goge su duka. An goge kuma saƙon da aka watsa."

Maharazu ya gyara zama. Wannan ya gane. Wanda ya share sawunsa ya san ya taka.

Ummuhani ta aika da buƙatar abincin ta akwatinta na kanta nan take, amma amsar da ta zo ba ta da daɗi. Sai zagaye mai zuwa, kuma sai ƙungiyar ta bayyana wanda ya yi roƙo da sunanta. Ta gano cewa daga na'urar Gazawa aka fara, ranar wata Juma'a da azahar, kuma na'urar na ci gaba da watsawa da kanta har yanzu, saboda wata muguwar manhaja da aka sa mata. Ta buga salula Gazawa aka cire wa na'urar waya.

"Zan iya roƙon a cire mu daga listar," ta ce. "Amma in na ce mun gyara, sannan mutumin ya sake, ba za su ƙara saurarenmu da wuri ba. Na'ura ta gaya mini ɗakin da ranar. Ba ta gaya mini hannun ba, don kowa a ƙungiyar nan kalmar sirri ɗaya yake shiga da ita. Na yi faɗa a kan haka tun bara."

"Ki ba ni ɗakin da ranar," in ji Maharazu. "Sauran nawa ne."

*

Ya fara da Labo. Yana kwance a tabarma a bayan buron jandarma, numfashi na yi masa wuya.

"Wa ke shiga ɗakin na'ura a Gazawa?"

"Kowa, Malam. Malama Hamdiya, Gogo mai dama kunu tana shara, Tijjani mai shagon intanet in ta lalace. Sharifu na Gidan Rumji ma, in ya zo." Ya yi tari, ya riƙe ƙirji. "Matata ta zo jiya. Ta ce an hana yaranmu ɗiban ruwa a rijiyar unguwa. Ka gaya musu, don Allah."

"Na gaya musu. Sun ce an saye ni."

Shagon Tijjani na bakin tasha, injin kuran mai ba da wuta na ruri a bayansa. Saurayi ne mai yawan dariya, amma da ya ji tambayar, dariyar ta tsaya.

"Wallahi Baba, ranar Juma'a da azahar ina masallaci, sahun gaba. Tambayi liman."

"Na tambaye shi kafin in zo. Yanzu kai nike tambaya. Ta yaya mutum ɗaya ke aika wa dubban baƙi saƙo?"

Tijjani ya kalli ƙofa. Ya jawo aljihun tebur, ya fito da faifai mai ƙyalli.

"A Katsina na sayo. Adireshin Turawa da Larabawa ne cike, da manhajar da ke aikawa da kanta. Ban taɓa sa shi a na'urata ba, ina tsoron ciwo. Mutum ɗaya kawai na kwafa ma."

"Wa?"

"Sharifu. Ya ce ɗan takararsu na son ƴan ƙasa mazauna waje su ji shi."

Maharazu ya ji abin da yake ji in sawun shanu ya miƙe ya daina karkata. Bai tsaya ba, ya hau mota zuwa Gidan Rumji. A hanya ya buga wa ajidan, ya ce a shirya, ya samu mutumin. Wannan kuskure ne, kuma kafin ya sauka a tasha labari ya riga shi. Ya tarar da samari sun taru a ƙofar cibiyar ƙungiyar, Sharifu, sakataren cibiyar, ya kulle kansa a ciki. Da ƙyar Maharazu ya kore su.

"Kai ka sa aka zo kashe ni?" in ji Sharifu, muryarsa ta Gobirawa na tashi. "Ni na sayi faifan, ban musa ba. Na kai shi Gazawa, na yi ta cika baki gaban ma'aikata cewa da wanga abu za a ji mu har Makka. Manyan jam'iyya suka ce su rediyo da makaɗa suka sani. Na jefa shi aljihun tebur can, na manta."

"Ranar Juma'ar kana ina?"

"Tibiri, wurin taron jam'iyya. Ni na riƙe lasifika tun hantsi har la'asar. Garin duka ya ji muryata."

Maharazu ya bi ta Tibiri a komowa. Gaskiya Sharifu ya faɗa. Ya koma motar, ya nufi Agiye. Saura kaɗan ya ƙara wani Labo.

*

Da ya shiga buro ya tarar da Ummuhani da Hajiya Mairama sun zuba wa na'ura ido.

"Masu tallafin sun turo mini saƙon da aka watsa," in ji Ummuhani. "Zo ka ji."

Ta karanta tana fassarawa daga Faransanci. Babu lambar banki, babu sunan kowa. Mai rubutun ya ce yara na mutuwa a Gazawa, abincin da ake kawowa ba ya isa, layi na ƙaruwa kullum. Ya ce duk wanda ya ga wannan, ya gaya wa wanda zai iya taimako, ya amsa ta wannan adireshi. A ƙasa akwai hoto: yarinya kwance a tabarma ƙarƙashin rumfa, an rufa mata zane zuwa ƙirji, idanunta manya suna kallon mai ɗauka.

"Mairo ce," in ji Hajiya Mairama, ta kau da kai. "Da kamarar ƙungiya aka ɗauka. Tana rataye a ɗakin, kowa na ɗauka."

Maharazu bai kalli fuskar yarinyar ba. "Za ki iya matso mini da ƙasan nan? Gefen tabarma."

Ummuhani ta faɗaɗa hoton har ya fara dusashewa, ta ja shi baya kaɗan. Rairayin rumfar shararre ne, da alama da safe aka ɗauka, rana na kwance tana fito da inuwar kowane rami. Sawu biyu suka bayyana, ɗaya ya nufi tabarmar, ɗaya ya dawo wajen mai kamara.

"Wanda ya ɗauki hoton ya je ya gyara mata zane," in ji shi. "Sannan ya ja da baya, bai juya ba. Kin ga takalman duka gaba suke kallo, amma waɗannan yatsu suka fara sauka kafin dunduniya. Takalmin roba ne rufaffe mai zane a ƙasa, irin na ma'aikata. Uwayen yara silifa suke sawa ko ƙafa tsirara."

"Mace ko namiji?"

Ya daɗe yana kallo. Bayan abin da ya faru a Gidan Rumji bai son bakinsa ya riga idonsa.

"Hajiya, ki kira su duka nan Agiye gobe da safe. Kada a yi a Gazawa. A share tsakar buro, a yayyafa ruwa, a shimfiɗa tabarma. Ki ce ajidan ya zo shi kaɗai."

*

Suka zauna a kan benci ƙarƙashin darbejiya: Tijjani, Sharifu da kumburarren leɓe, Gogo mai kunu, Hamdiya a ƙarshe. Ajidan ya tsaya jikin ƙofa. Ummuhani ta yi musu bayanin baƙar lista a taƙaice, ta nuna musu hoton a takarda, aka miƙa hannu zuwa hannu. Da ya kai ga Hamdiya ba ta karɓa ba, Gogo ta ajiye shi a cinyarta.

"Kowa zai taka zuwa tabarmar can," in ji Maharazu, "ya gyara zanen da ke kai, ya dawo da baya bai juya ba."

Tijjani ya fara, yana dariyar tsoro. Maharazu ya dubi ƙasa ya girgiza kai. Sharifu ya bi, sawunsa dogo, ƙafafu a miƙe. Gogo ta ce ita tsohuwa ce, za ta faɗi, amma ta yi, tana jan ƙafar dama kamar yadda ta saba.

"Ba ɗayansu," in ji shi. Ya tsuguna, ya zana a ƙasa da tsinke, bai ɗaga kai ba. "Sawun da ke hoton gajere ne. Ƙafafun a buɗe suke, yatsu na kallon waje, dunduniya ta nutse fiye da girman takalmin. Na mai ɗauke da nauyi a gaba ne, wanda ba a saukewa."

Ba wanda ya kalli ƙarshen bencin, kuma kowa can yake kallo.

"Ba sai na taka ba, Baba," in ji Hamdiya.

Ta yi magana tana kallon hannuwanta. Ta ce kafin abincin ya yanke ma ba ya isa. Kullum tana mayar da uwaye gida da rabin rabo, tana zaɓen wanda za a ba da wanda zai jira. Ta ji Sharifu na cika baki da faifan. Ta ɗauki hoton Mairo da safe. Ranar Juma'a, da maza suka tafi masallaci, ta sa faifan, ta rubuta abin da ke zuciyarta, ta danna.

"Na ɗauka cikin dubbai ko mutum ɗaya zai ji. Ba wanda ya amsa sai masu zagi. Sai saƙonni suka yi ta dawowa da Ingilishi, akwati na cika. Ban iya karanta su ba. Na ji tsoro Hajiya ta gani ta yi faɗa, kullum da safe sai in goge."

"Har da wanda ya ce buƙatata ba ta isa ba," in ji Hajiya Mairama.

"Ban sani ba, Hajiya. Wallahi ban san shi na nan ciki ba."

"Na yarda ba ki sani ba lokacin," in ji Maharazu. "Amma ranar da Ummuhani ta buga aka cire waya, ke kika cire ta. Ranar kin sani. Labo na kwance, aka kusa kashe Sharifu, kika yi shiru."

"Na ga abin da suka yi wa Labo, Baba. Ni na ɗaure shi." Ta ɗora hannu a cikinta.

Sharifu ya miƙe zai yi magana, ya dube ta, ya koma ya zauna. Gogo ta fara kuka a hankali. Ajidan ya ce shi bai san sunan wannan laifi a doka ba, zai rubuta wa alƙali a Maradi ya tambaya. Abin da ya sani, gobe zai tara masu unguwanni a Gazawa ya gaya musu ba a saci komai ba, saƙo ne bai isa ba. Sunan wanda ya jawo hakan kuma ba zai fito daga bakinsa ba.

*

Ummuhani ta kwana biyu a Agiye. Ta wanke na'urar Gazawa, ta karya faifan, ta ba kowane ma'aikaci kalmar sirrinsa, ta sa iyaka ga yawan saƙon da mutum zai iya aikawa a wuni, ta juya sanarwar saƙon da bai isa ba zuwa salularta. Sannan ta rubuta wa masu baƙar lista ta faɗi abin da ya faru da abin da aka gyara. Aka cire su. Masu tallafin suka ce za su dawo da rabin rabo, su gani. Kafin kamiyon ta iso, an ƙara rufe yara biyu a Gazawa.

An saki Labo. Idon bai buɗe ba. Masu unguwanni sun ji bayanin ajidan, wasu sun yarda, wasu sun ce manya sun rufa wa juna asiri. Ya kwashe iyalinsa ya koma wurin ƙanensa a wani ƙauye bayan Agiye. Hamdiya ta je ta durƙusa gabansa kafin ya tafi. Ya ce mata Allah ya sauke ta lafiya, bai ce ya yafe ba.

Hajiya Mairama ta shirya mayar da ita Maradi wurin iyayenta. Ranar tafiyar da safe Hamdiya ta zo gidan Maharazu, da takarda a naɗe cikin mayafi.

"Baba, raka ni gidan Hafiza."

"Ajidan ya rufa miki asiri. In ta yi kururuwa, ni kaɗai ba zan iya tare unguwa ba."

"Na sani. Ɗiyarta ce na aika wa duniya ban tambaye ta ba."

Da suka isa Gazawa, suka tarar da Hafiza tana tsince ganyen tafasa a faifai, ita kaɗai a tsakar gida. Maharazu ya tsaya a bakin zaure. Hamdiya ta zauna a ƙasa da ƙyar, ta faɗi komai daga farko, ba ta rage ba. Hafiza ba ta daina tsintar ba har ta gama. Sai ta ce:

"Hoton yana nan?"

Hamdiya ta warware takardar ta miƙa mata. Hafiza ta goge hannu a zane kafin ta karɓa. Ta daɗe tana kallo.

"Ba mu taɓa ɗaukar ta hoto ba," ta ce. "Nan tana iya zama da kanta. Wanga zanen nawa ne." Ta shafa takardar da yatsa. "Mutane nawa suka gan ta?"

"Da yawa, Hafiza. Ban san adadinsu ba."

"Ba wanda ya zo?"

"Babu."

Hafiza ta gyaɗa kai. Ta tashi ta shiga ɗaki da takardar. Suka ji ƙarar murfin kwalla an buɗe, an rufe. Ta fito ba komai a hannunta, ta koma kan faifanta.

"Ba zan gaya wa babanta ba, don zai kashe ki," ta ce, ba ta ɗaga kai ba. "Tashi ki tafi, Malama. Kada in sake ganin ki."

Hamdiya ta dafa ƙasa, ta kasa miƙewa. Maharazu ya shigo ya ba ta hannu. Suka fita suka nufi tasha, yana rage tafiya don ta cim masa.